Faifan da Ban San Sunansa Ba

Akwai injin niƙa a bayan gidan yayana, nan Madarumfa, katanga ɗaya ce ta raba su. Tun hantsi yake ruri, har kunne ya saba ya daina jinsa. Ba rurin ne ke taɓa ni ba. Abin da ke taɓa ni shi ne lokacin da mai injin ya kashe shi gab da la'asar, ƙarar ta fara saukowa, tana ja, tana nauyi, dum, dum, dum, kamar babban sa yana neman wurin kwanciya, har ta mutu. Duk ranar da na ji saukowar nan sai in koma yarinya mai zane ɗaya, tsugune a bayan rumbu, kunnena dab da wani akwati.

Ku matso in ba ku labarin akwatin nan. Ni ban yi lakwal ba, baƙin boko ko ɗaya ban sani ba. Da na sani, da yau ban sha wahalar da nake sha ba.

Yayana shi kaɗai ya rage mini cikin waɗanda muka sha nono ɗaya. Bayan girbin da ya wuce hawan jini ya buge shi a garka yana ban ruwan tumatir. Ɓarin dama ya shanye, baki ya tafi. Aka kai shi likita a Maradi, aka kwana biyu, lokotoro ya ce mu maido shi gida, mu riƙa yi mishi hira da abin da ya sani, mu kuma lallaɓa ya ci abinci, don in ya bar ci babu allurar da za ta riƙe shi. Da farko yana karɓar kunu. Daga baya ya juya fuska ga bango, ya datse haƙora. Matar ɗansa, wadda ke jinyarsa, ta roƙe shi har muryarta ta dishe. An yi mishi karatu, an yi rubutu an shafa mishi a leɓe. Ni kuma na zauna na kira mishi sunayen matattunmu da sunayen gonakinmu ɗaya bayan ɗaya, yana kallona kamar baƙuwar da ta ɓata hanya ta faɗo ɗakinsa.

Bakin nan nake so ya buɗe. In ya buɗe, kunu zai shiga. In kuma kwana ya ƙare, kalmar shahada za ta fita. Mutumin da ya yi shekaru yana kiran salla a masallacin unguwa duk ranar da ladan bai zo ba, a ce ya tafi baki a rufe. Wannan ne ya hana ni jin ɗanɗanon tuwo.

To, ran nan ina zaune a gefen tabarmarsa, mai injin ya kashe injinsa. Ƙarar ta fara saukowa. Sai na ga yatsan yayana na hagu, mai lafiyar, ya ɗaga ya sauka a kan tabarma. Ya ɗaga ya sauka. Yana bin ƙarar, dum, dum. Da injin ya yi shiru, yatsan ya kwanta. Nan na san inda yayana yake. Yana bayan rumbun babanmu, bai fito ba.

Shekarar da ruwa ya ƙi, ina ƴar yarinya, ko tallar fura ban isa ba. Tabkin garinmu ya janye har masunta suna tafiya da ƙafa inda a da suke tuƙi. Laka ta tsattsage kamar dugadugan tsoho. Rumbunanmu in ka buga su sai su amsa maka. Muka ci dusa, muka ci ganyen tafasa, muka ci anza, ƴaƴan daji da ake jiƙawa kwana da kwanaki kafin ɗacinsu ya fita, kuma bai taɓa fita duka ba. Har yau in na tuna sai harshena ya yi kauri.

A lokacin yayana saurayi ne, ya tafi Kurmi, can bakin teku, yana dako a tashar jiragen ruwa. Gida duka ido yana kan hanyar Ɗan Issa, ta inda masu dawowa daga Kurmi ke ɓullowa. Innarmu in ta ji jaki ya yi kuka a ƙofa sai ta miƙe. Ana nan, ana nan, cikin tsakiyar bazara, sai ga shi ya shigo, ya rame kamar kara, da akwati a kai. Abin da ya tara, ciwo ya cinye a can. Akwatin kuwa wani Baturen jirgi ne da ya yi wa hidima ya bar mishi da za su tashi.

Babanmu ya sa aka buɗe a tsakar gida. Garmaho ne mai cin pil, batir ɗin nan na fitila, da faya-fayai baƙaƙe, kowane cikin rigarsa ta kwali mai hoto. Babanmu ya daɗe yana kallo. Sai ya ce, "Wannan dafa shi ake yi, ko jiƙawa?" Daga nan bai ƙara ce wa yayana uffan ba har damina ta zagayo.

Ranar da aka fara sa shi, maƙwabta suka cika gidan. Allura ta sauka, aka ji ƙas-ƙas kamar wuta ta kama kara. Sai wani abu ya fashe. A lokacin ban san ana ce mata gita ba. Ni dai na ji kamar ana yanka ƙarfe da zarto, ƙarfen kuma yana kuka. Kaji suka watse, wata jaririya ta tsandara ihu, mata suka riƙe baki suna dariya. Babanmu ya ce kiɗan iskoki ne, kada ya ƙara jinsa a ƙofar ɗakinsa. Aka kore akwatin zuwa bayan rumbu, inda zana ta raba mu da ɗakin innarmu.

Kakarmu, wadda ta haifi babanmu, idonta ya riga ya tafi. Ta ce in ja ta in kai ta wurin. Ta zauna a kan turmi da aka kifa, ta saurari fuska ɗaya ta faifai tun daga fari har allura ta kai tsakiya. Ba ta motsa ba. Da ya ƙare ta ce, "Waɗannan mutane an yi musu mutuwa. Mai ƙoshi ba ya irin wannan kuka. A bar su su yi."

Faya-fayan ba ɗaya ba ne, kuma tun ina yarinya na san ba darajarsu ɗaya ba. Akwai mai tafi da shewa, kamar na ƴan biki, wannan ba mu cika sa shi ba, don cikin da babu komai ba ya son a yi mishi shewa. Akwai mai taushi, wanda ke sa barci. Sai kuma shi, wanda nake nema. A jikin kwalinsa akwai ƙofar ƙarfe tsaye ita kaɗai a fili, babu katanga dama, babu katanga hagu, da wani ramammen kare kwance a gabanta. Kiɗansa ba ya gaggawa. Yana taka ƙasa da nauyi, dum, dum, dum, kamar sa mai jan guga daga rijiya mai zurfi. Muryar mawaƙin kuwa ta tsoho ce, mai kauri, kamar yana can ƙasan rijiyar yana kiran wani da ba zai zo ba.

Sabon pil ban taɓa ganinsa a gidanmu ba. Yayana yakan taka har Ɗan Issa ya tsinto waɗanda ma'aikatan duwan, masu tsaron kan iyaka, suka cire daga fitilunsu suka yar. Aikina shi ne in jera su a kan wani guntun kwano a rana tun hantsi, in riƙa juya su kamar mai shanyar kifi, in ɗan bubbuga su da dutse. Kafin la'asar sun sha zafi, sun samu ɗan ran da zai juya faifai. Kowace safiya abin da yake fara ce mini ke nan, kai pil rana. Na ɗauki aikin nan da girma kamar an ba ni riƙon gari.

Ina da ƙane a lokacin, yana goye. Nonon innarmu ya ƙafe. Yaron ya bar kuka, ya koma kallo kawai, wata safiya kuma ya bar kallon. A gidanmu ba a kururuwa. Babanmu ya ce haƙuri, kakarmu ta ce haƙuri, matan unguwa suka zo suka yaba wa innarmu da ba ta zubar da hawaye ba. Ta share tsakar gida, ta wanke ƙwarya, ta ninke majanyi ta sa a ƙarƙashin tabarma. Fuskarta a bushe kamar tabkin.

Da la'asar yayana ya zagaya bayan rumbu, ya sa faifan ƙofa da kare, ya rage murya. Ina tsugune kusa da shi. Sai na hango ƙafafu a ƙarƙashin zana, ƙafafun innarmu, tsaye, ba sa motsi. Tsohon cikin rijiya ya yi ta kira, ƙarfe ya yi ta kuka. Da allura ta kai ƙarshe, muka ji muryarta daga bayan zanar, ƙasa-ƙasa.

"Sake."

Ya sake. Ya yi ta sakewa har pil ya ƙi. Kwanaki masu yawa bayan nan ƙafafun suna zuwa, su tsaya, su tafi. Ba ta taɓa zagayowa ba, ba ta taɓa yi mana zancen ba har ta koma ga Allah. Kukan da aka hana ta, Turawan nan da ba ta san su ba su suka yi mata shi. Tun daga lokacin kuma yayana ya koma kirana Auta, don babu wani a bayana.

Da damina ta dawo, ruwa ya sauka, dawa ta fid da kai. Sai jan baki suka zo, tsuntsayen nan ƙanana masu tashi kamar hayaƙi. Mu yara muka yi ta kaɗa gwangwani muna ihu a gona har murya ta ƙare, suna tashi nan suna sauka can. Ran nan babanmu ya tsaya a kan yayana, ya yi mishi magana ta farko tun ranar akwati. Ya ce, "Abubuwan nan naka suna ƙyalli."

Yayana ya tashi. Shi da hannunsa ya zare faya-fayan daga kwalayensu, ya zura musu igiya, da ma da hudarsu a tsakiya, ya rataye su daga wannan gefen gona zuwa wancan. Iska na juya su, suna walƙiya, tsuntsaye suka tsorata na ɗan lokaci, kuma ɗan lokacin nan ya ishe mu. Muka sami dawa. Rana kuwa ta lanƙwashe faya-fayan kamar busasshen ganyen kabewa. Kwalin ƙofa da kare innarmu ta ɓoye a ƙarƙashin tukwanenta, gara ta cinye shi. Akwatin, kaza ta yi ƙwai a ciki. Yayana ya kama garka a bakin tabki, ya yi aure, ya yi furfura, bai ƙara ambatar zancen ba.

To, kun ji inda yatsan nan ya maida ni.

Washegari na ɗauki sandata na nufi tasha. Jikana, ɗan ɗiyata, magidanci ne da gemunsa da ƴaƴansa, yana da rumfa a can, yana gyaran salula yana kuma zuba wa mutane waƙoƙi a ɗan katin nan da bai kai farce ba. Da ya hango ni ya fara.

"Amarya da kanta a tasha? Yaji aka yi?"

Na ce, "Wa ke yaji daga gidan da ba a ɗora tukunya? Matsa in zauna."

Na faɗa mishi abin da ke tafe da ni. Ya ce mene ne sunan makaɗan. Na ce ban sani ba. Ya ce sunan faifan fa. Na ce akwai ƙofa, akwai kare. Ya danna na'urarsa ya duba, ya sake dubawa, babu. Ya ce irin wannan kiɗa Turawa na ce mishi rok, mai nauyin cikinsa kuma metal, wato ƙarfe, kuma masu yinsa sun fi kifin tabki yawa. Ya ce, "Yi mini shi da baki in ji." Na ce ya kiyaye ni, ni da jikokin jikoki a hanya zan buɗe baki in yi gurnani a tasha? Ya yi dariya, ya ɗauko wasu manyan abubuwan saurare ya ɗora mini a kunne ta saman mayafi.

"In mutanen masallaci suka gan ki haka, sakin ki zan yi."

"Ka saka mana. Wa ya ga sadakinka?"

Haka na fara. Kullum in na gama da safiyar yayana sai in tafi, in zauna a benci, ƴan kabu-kabu suna leƙe suna cewa Hajiya ta shiga orkes, ta zama makaɗiya. Ban kula su ba. Na saurari faya-fayan da ban san adadinsu ba, kuma tunda na saurara, ina da abin cewa a kansu.

Akwai masu gudu. Mai gangarsu yana zuba duka kamar ƙanƙara a kan rufin kwano, masu gita suna bin sa kamar an biyo ɓarawo a kasuwa. Na yarda sun iya, hannu ba ya yin haka sai da wahalar shekaru. Amma ba su bar wa mutum wurin numfashi ba. Baƙin ciki ba ya gudu. Duk wanda ya taɓa binne nasa ya san da ƙafa ake dawowa daga maƙabarta, a hankali.

Akwai masu gurnani, waɗanda ke maido murya cikin maƙogwaro kamar raƙumin da ake ɗora wa kaya. Jikana ya ce su ne suka fi ban tsoro. Ni ban ji tsoro ba. Na ce mishi wannan ya ci ya ƙoshi, kura yake kwaikwayo. Wanda abin ya ci da gaske, muryarsa tsagewa take yi a inda bai shirya ba, kuma za ka ji yana ƙoƙarin ɓoyewa.

Akwai wani mai gita da in ya kama shi kaɗai ba ya saki, sauran duk sun tsaya suna jiransa, kamar baƙon da aka raka har bakin ƙofa ya sake buɗe sabuwar hira. Akwai masu zaƙin murya da ke narkewa. Na ce me wannan ke faɗi, jikana ya ce wata yarinya yake so. Na ce to ya tura kawunnansa mana, ya bar damun mutane. Ya sa mini har na yaranmu na yanzu, masu wuce murya ta cikin na'ura, duk suka fito da hanci ɗaya kamar uwa ɗaya ta haife su. Na ce cire, ba wasa na zo ba.

Amma kada in yi ƙarya, na gamu da na kirki. Akwai wata ƙungiya da mace ke musu waƙa. Ƙarfe yana ta rugugi a ƙasa, ita kuma muryarta tana shawagi a sama kamar shirwa a kan gonar da aka sa wa wuta. Wannan na ji shi daga fari har ƙarshe, na share ido da bakin mayafi, na ce ya ajiye mini shi gefe. Akwai kuma wani faifai da aka jera shi kamar yini, ya fara da sanyin safiya, ya hau zafi, ya yi hadari, ya sauka. Irin wannan zunubi ne a tsinci waƙa ɗaya daga ciki a yar da sauran, yadda yaran yanzu ke yi. Mai faifai ya san abin da ya sa ya ajiye wannan a bayan wancan. Sai dai duk kyansu, ba su ba ne.

Da jikana ya koma kan na da, na zamanin da yayana ke Kurmi, na gyara zama. Na ce unguwar ke nan, gidan ne ban gani ba. Gitar irin ta ce, gangar irin ta ce. Amma duk sauri gare su, kuma mawaƙan samari ne masu siririyar murya, babu tsohona na cikin rijiya. Ɗaya bayan ɗaya na ce ba shi ba ne, wuce. Duk da haka muka ɗauki wasu muka kai wa yayana, muka sa a gefen kunnensa. Ya lumshe ido. Yatsan bai motsa ba.

Magana ta zagaya gari. Ɗana babba ya same ni a ɗaki, ya tsuguna, ya ce, "Inna, mutane na magana. Mutum yana bakin tafiya, karatu ya kamata ya ji, ba kiɗan Nasara ba."

Na ce, "Karatun an fasa ne? Kai ne za ka faɗi kalmar a madadinsa? Ka samo mini abin da zai buɗe bakin kawunka, ko kukan jaki ne, in bar tasha yau." Ya sunkuyar da kai, ya tashi.

Kwanci tashi, yayana ya koma ƙashi da fata. Matar ɗansa tana ɗiga mishi ruwa da cokali ta gefen baki, rabi ya shiga, rabi ya bi wuya. In na riƙe hannunsa sai in ji kamar na riƙe damin kara. Na fara jin ana rage murya in na shigo, irin ragewar da na sani tun ina yarinya.

Ran nan jikana ya rako ni da na'urarsa, ya ce akwai sauran wasu. Na ce ya bari. Na gaji da muryoyin mutanen da ban sani ba. Ya tsaya daga bakin ƙofa, ni na shiga na zauna. Kwanon kunu yana gefe, ya huce, ya yi fata a sama. La'asar ta gabato, mai injin ya kashe injinsa. Ƙarar ta fara saukowa, yatsan ya ɗaga, ya sauka. Na ga shirun yana zuwa, na san in ya iso yatsan zai kwanta, kuma ban san ko gobe zai ƙara tashi ba.

Akwai tasar da ake mishi alwala. Na zubar da ruwan, na kifa ta a cinyata. Kafin injin ya gama mutuwa na karɓa da tafin hannu, dum, dum, dum. Sai na buɗe bakin da na hana jikana a tasha. Na saukar da murya har inda ban san tana kaiwa ba, na yi kukan ƙarfen, na yi kiran tsohon cikin rijiya. Kalmominsa ban san su ba, na dai fito da su yadda suka zauna a kunnena tun bayan rumbu. Tsohuwa da carbi a wuya tana gurnani a kan tasa. Kunya ta zo, na ce ta jira a waje.

Yatsan bai kwanta ba. Yana bi na. Can sai wuyan ya juyo daga bango, a hankali. Idon ya tsaya a kaina, ba irin kallon baƙuwa ba. Gefen bakin mai lafiya ya yi rawa, ya yi rawa, haƙora suka rabu.

"Auta."

Hannuna ya tsaya a sama. Na ce, "Na'am, yaya."

Maganar ta fito a karkace, amma na ji ta, matar ɗansa ta ji, jikana ya ji daga ƙofa.

"Pil ya mutu. Kai shi rana."

Na ce, "To, yaya. Sha kunu tukuna, sai in kai." Na kai cokali, ya karɓa. Na ƙara, ya karɓa. Bai sha da yawa ba, amma ya haɗiye.

Da muka fito jikana ya matso kusa da ni. Wannan karon bai ce mini amarya ba. Ya ce, "Kaka, garmaho in pil ya yi sanyi, faifai ja yake yi. Kiɗa ya yi nauyi, murya ta yi kauri. Abin da kika riƙe, ba haka masu shi suka yi shi ba. Ƙila yana cikin waɗanda kika ce sauri gare su."

Na jingina da katanga. Ashe tsohon nan na cikin rijiya ba a taɓa haihuwarsa ba. Wani saurayi ne mai siririyar murya, matattun pil da ranar Madarumfa suka tsofar da shi. Yayana ya san yadda waƙar take da gaske, ya ji ta a bakin teku da cikakken ƙarfinta, kullum yana jin tana ja a bayan rumbu, bai taɓa ce mana ba haka take ba. Innarmu ta yi makokin ɗanta da waƙar da babu wanda ya rera ta haka a duniya. In kuma kun tambaye ni, bayan duk abin da na saurara a tasha, tamu ta fi. Wadda ta ji yunwa tare da mu ta fi.

Yanzu kiɗa ba ya gajiya. Yana cikin kati kamar farce, in wuta ta ƙare sai ya yanke tsaf, ba ya ja, ba ya roƙon a kai shi rana. Jikana ya ce na'urarsa na iya rage wa faifai sauri, ya koma kan na da yana bi ɗaya-ɗaya. Na ce ya yi, amma ban ƙara zuwa tasha ba. Ko ya samo, ban san ko zan so in ji ba.

Kullum gab da la'asar ina gefen tabarmar da tasa a cinyata, ina jiran mai injin. Da gangan nake ƙara ja, don yayana ya yi mini faɗa. Wata rana ya yi, ya sha kunu. Wata rana ya kalle ni kawai. In ya haɗiye na ƙarshe sai in sunkuya a kunnensa in faɗi kalmar, in sake faɗi. Leɓensa na motsi. Ban ji ta fito ba tukuna, kuma ba zan ce na ji abin da ban ji ba.

Jiya bai yi magana ba. Yau da hantsi na bi gidajen maƙwabta na roƙo tsofaffin pil na fitila, na jera su a kan katanga daidai inda zai hango daga ƙofa, na juya su, na bubbuga su da dutse. In ya buɗe baki ya aike ni, ina so in ce mishi na kai, yaya, suna can suna shan rana, saura kai ka faɗi taka.